Shinkafar Inna da Ba Ta Isa Honduras Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da aka miƙo mini makirufo a wurin wani ɗaurin aure a Anka ba, a lokacin da duk mutanen Gummi suka san ina can wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya. Har yau in na ji lasifika ta yi ƙara sai ranar ta faɗo mini a rai. Amma bari in faro daga tushe, don abin bai fara da dariya ba, ko a ƙarshen ma dariyar ba ta da yawa.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da ƙanena Basiru. Ni na yi boko na zama malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Gummi. Shi kuwa ya gaji da noman shinkafa a fadama, ya koma haƙar zinari a yankin Bukkuyum. A can ya haɗu da 'yan Mali da 'yan Burkina, a bakinsu ya ji labarin wata hanya da ake bi a shiga Amurka: a hau jirgi zuwa Nikaraguwa, daga nan a bi ƙasa a yi arewa. Da Allah ya ba shi dutse mai kyau ya sayar, bai gaya wa kowa ba sai da ya gama shiri. Na yi faɗa, Inna ta yi roƙo, ya tafi abinsa.

Bai yi nisa ba zazzaɓi ya kama shi a wani ƙaramin gari a Honduras. Abokin tafiyarsa, wani ɗan Mali mai suna Mamadu, shi ya kira ni da 'yar Hausar da ya koya a bakin rami. Ya ce Basiru ya cika. Ya ce su Musulmin da ke tare kaɗan ne, su suka yi masa wanka da salla, mutanen garin kuma suka ba su wuri a gefen maƙabartarsu, suka ara musu shebur, har suka taya su haƙa. Ya faɗa mini sunan garin na sa ya maimaita. Bayan 'yan kwanaki ya ci gaba da tafiyarsa, lambarsa ta daina shiga.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Da na gaya mata ta yi salati, sannan ta ce, "Malam," (ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba) "shin can inda anka rufe shi, sun san gabas?" Na ce Musulmi ne suka rufe shi, Inna, sun sani. Ta ce, "Baƙi ne su ma." Daga ranar, ko abinci aka kawo mata sai ta sake wannan tambaya. Ba ta taɓa cewa wani ya je ya gani ba. Wannan in faɗi gaskiya tun yanzu.

Ni ne na miƙe ranar addu'ar bakwai, a ƙofar gida, tabarmi cike da mutane, na ce ni zan je in tsaya a kan kabarin ƙanena in ga yadda aka kwantar da shi. Zuciyata ce ta faɗa, amma ba zan ɓoye ba, har da jin cewa ni ne mutumin da ya san taswira a unguwar nan. Aka yi kabbara. Kawu Labbo, ƙanen Inna, ya rungume ni yana hawaye ya ce, "Karatu ya yi rana." Na zauna kaina ya yi girma, a wurin zaman makoki.

Daga nan na shiga tsara tafiya, kuma wallahi na tsara ta. Na fara da lokaci. Na bincika na gano daminarsu kusan tare take tafiya da tamu, ga ruwa mai yanke hanya ga guguwa daga teku, raninsu kuma yana kamawa daidai lokacin da muke gama yankan shinkafa. To ga hutun makaranta na ƙarshen shekara, ga shinkafa ta shigo gida a sayar, ga hanya ta bushe a can. Da na ga abubuwan nan sun haɗu wuri ɗaya sai na ce alama ce daga Allah.

Tsawon tafiyar kuwa muhawara ya zama a majalisarmu ta bayan la'asar. Kawu Labbo ya ce mako guda ya isa, tunda ziyarar kabari ce ba ciniki ba. Washegari na ɗauro ƙwallon taswirar duniya na makaranta a bayan babur na kawo majalisa (ban nemi izinin shugaban makaranta ba, shi ma daga baya ya zo kallo). Na ɗora yatsa a kan Zamfara, na juya ƙwallon a hankali har na haye teku, na nuna musu wata 'yar siririyar ƙasa kamar wuyan gora. Na ce jirgi kawai zai ci kwanaki, ana sauka ana canzawa, ga motar haya zuwa garin, ga neman wanda ya san kabarin a wurin da ba mai jin Hausa ko Turanci. Na yanke cewa hutun gaba ɗaya za ta ci. Ba wanda ya ƙara musu. Har gaisuwarsu ta Sifaniyanci na koya, ina gwadawa a kan matata tana ce mini Allah ya sawwaƙe.

Maganar kuɗi ita ta fi ba ni wahala, don duk lokacin da na gama lissafi sai dala ta tashi ta bar ni a baya. Na sa shinkafar bana duka a ciki, na sa babur, na sa 'yar gonar da Basiru ya bari da yardar Inna. Na ware na jirgi, na masauki, na ci, na mota, har da na tsautsayi. Fasfo kuma na yi shi tun da wuri, sabo fil, ina fito da shi ina shafawa.

Ga inda na yi wauta. Mu a garinmu doguwar tafiya ɗaya muka sani, ita ce Makka. Kuma kowa ya san yadda ake yin ta: ka kai kuɗinka da fasfonka, ka dawo ka sallami mutane, ka tafi sansani ka jira jirgi. Biza ba damuwarka ba ce, masu karɓar kuɗin su ke buga ta, kai dai a kira sunanka ka amsa. Tun ina yaro haka na ga an yi wa kakana, haka aka yi wa Kawu Labbo. Sai na ɗauka ko'ina a duniya haka ake yi, in na isa Abuja na biya kuɗin tikiti, masu tikiti za su ji da sauran. Ni da na san watan da ruwa ke ɗaukewa a Honduras, ban taɓa tambayar kowa yadda ake shiga ƙasar ba.

Saboda haka na yi sallama irin ta maniyyaci. Na bi Gummi gida-gida ina neman gafara. Na shiga wurin tsofaffin da rabona da su tun salla, na durƙusa, suka yafe mini suka sa albarka. Na je Bukkuyum wurin abokan aikin Basiru, suka bar aiki suka zauna da ni, wani ya yi ta kuka. Guzuri kuwa sai da jaka ta ƙi rufuwa: ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, ga busasshen kifi da Kawu Labbo ya zaɓo da hannunsa a bakin gulbi. Na kuma gaya wa kowa cewa layinmu ba ya aiki a can, kada a neme ni, kada a tayar da hankali in an ji shiru, sai dai a gan ni.

Da safen da zan tafi Inna ta kira ni ɗakinta. Ta jawo wani ƙullin farin ƙyalle daga bayan gado. Shinkafa ce ta sabuwar kaka, kamar mudu guda, ita da kanta ta turara ta, ta shanya, ta surfe, ta tsince. Ta ce, "Wagga ba taka ba ce. Ka kai ma mutanen da sunka rufe min ɗa. Ka ce musu uwatai ta gode." Na karɓa da hannu biyu. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ji hayaniyar masu rakiya a waje ta fasa. Na ɗauka kukan rabuwa ne kawai ya hana ta. Rabin unguwa suka raka ni tasha, liman ya yi addu'a, mota ta tashi.

A Abuja na shiga ofishin masu sayar da tikiti da babbar riga, na ajiye fasfo a kan tebur na faɗi inda za ni. Wata baiwar Allah mai jin Hausa ta buɗe shi, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, duk farare. Ta ce, "Malam, ina bizar?" Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan, ku buga. Ta dube ni da tausayi (da ma dariya ta yi, da ta fi mini sauƙi). Ta ce su tikiti kawai suke sayarwa. Ta ce a iya saninta ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a nan, sai an nema ta wata ƙasa, kuma ƙasashen da jirgi zai sauka a hanya wasunsu suna son tasu bizar daban. Na ce to kwana nawa? Ta ce, "Ka ce wata nawa. In ma an bayar." Na yi kwanaki ina yawo daga wannan ofis zuwa wancan, amsar dai ɗaya ce. Hutu na tafiya, ranin da na zaɓa yana tafiya, ni ina tsaye a bakin titi da jakar kilishi.

Na hau motar gida. Har muka wuce Gusau ina cewa zan je in faɗi gaskiya. Amma da muka iso Anka direba ya tsaya sauke kaya, sai na tuna da tsofaffin da na durƙusa wa, da kabbarar ranar bakwai, da ƙwallon duniya a bayan babur. Sai na fasa. Na sauke jakata na nufi gidan Shehu, abokina tun makarantar horon malamai, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya ce, "Kai dai ka koma gida." Na ce gobe. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben, wayata kuma a kashe, tunda ni na ce layi ba ya aiki a inda nake.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne tunanin da ya fara zuwar mini a ɗakin nan. Na ga hotunan ƙasar da yawa, na san tana da tsaunuka da bishiyoyi. Sai na fara ce wa kaina, in na zauna har hutu ya ƙare na koma na ce na gani, wa zai ƙaryata? Inna za ta samu natsuwa, ai taimako ne. Har na gina kabarin a kaina. Na sa shi a gindin mangwaro, na sa wani tsoho mai hula ya nuna mini shi. Ina kwance ina gyara labarin ina cin guzurin mutane.

Ranar Asabar ɗin, maƙwabcin Shehu yana aurar da 'yarsa. Na ji ana kafa rumfa tun safe ban damu ba, na ce ina ruwana. Abin da ban sani ba shi ne angon ɗan Gummi ne. Kuma kun san al'ada, in baƙi sun yi yawa maƙwabta ke buɗe zaurukansu. Shehu ya tafi ɗauko kujeru, uban amarya ya turo dattawan ango zauren Shehu su huta kafin liman ya iso. Na ji muryoyi, ban gama gane su ba aka turo ƙofar ɗakina ana neman buta.

Kawu Labbo ne. Shi ne wakilin ango. Ni kuma ina zaune a tabarma daga ni sai singileti, da busasshen kifinsa a hannuna.

Ya tsaya kamar an dasa shi, sai ya ɗaga hannu sama. "Allahu Akbar! Yaushe kas sauka? Jama'a, ku taho ku ga Malam ya dawo!" Ya ɗauka daga filin jirgi nake, na yada zango a Anka don kada yamma ta yi mini a hanya. Na buɗe baki, baki cike da kifi. Kafin in haɗiye an cika ɗakin, wannan ya kama hannu, wancan ya shafa kai, wani ya ce har na yi haske. Aka zura mini riga aka fito da ni, aka zaunar da ni a sahun gaba kusa da liman. Sanƙira ya ji labari ya ɗauka da ƙarfi, ya ce ga malamin da ya haye teku don zumunci, ga wanda ya je inda ba a zuwa.

Aka ɗaura aure aka shafa. Na ce a raina yanzu za a watse in sulale. Sai liman ya ce kafin a tashi, tunda Allah ya kawo mu wuri ɗaya, a yi wa marigayi Basiru addu'a, amma ɗan'uwansa ya fara gaya wa jama'a abin da ya gano. Aka miƙo mini makirufo.

Na miƙe. Mangwaron nan yana kan harshena, tsohon mai hula yana tsaye a shirye. Na yi sallama aka amsa. Sai wani dattijo daga mutanenmu, wanda na durƙusa wa a zaurensa ya yafe mini, ya ɗago kai ya ce, "Malam, hwaɗa muna wanga tukuna. Kabarin, gabas shika kallo?" Wasu har sun ɗaga tafin hannu suna jiran amsa su ce alhamdu lillahi.

Na dubi hannuwan nan na ji ba zan iya ba. Na ce, "Ban je ba." Lasifikar ta ɗauki maganar ta kai ta har bakin titi. Na ce, "Abuja na tsaya. Ba ni da biza, ban san ana nema ba. Kunya ta hana ni komawa gida, ina nan gidan Shehu tun makon jiya."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sanƙira ya juya baya yana gyara hula. Can baya wani matashi ya tuntsire da dariya aka tsawata masa. Liman, Allah ya saka masa, ya karɓi makirufo ya ce marigayi dai yana inda yake ko an je ko ba a je ba, a yi masa addu'a. Aka yi. Kawu Labbo bai dube ni ba sai da aka shafa. Ya matso ya ce a hankali, "Shiga mota." A motar 'yan ɗaurin aure na koma Gummi, a kujerar baya, jaka a kan cinya. A hanya wani ya miƙo mini goro, ban san ko tausayi ba ne ko tsiya.

Duk hanya kunyar gari nake lissafawa. Da na shiga gida na ga Inna sai na manta da gari. Tana kwance, ta faɗa, idanunta sun zurma. Matata ta raɗa mini cewa tun ranar da mota ta tashi azumi take yi, in an sha ruwa ma ba ta cin na kirki, ko an yi sallama a ƙofar gida sai ta zabura. Na durƙusa a bakin gado. Kawu Labbo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hwaɗa mata da bakinka."

Na ce, "Inna, ban je ba."

Ta tashi zaune. "Ba ka tahi ba? Ba ka hau jirgin ba?"

Na ce ban hau ba. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Sai na ji ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, tana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, hawaye na zuba. Ta ce ranar da zan tafi ta so ta ce in fasa, amma gari ya taru, an nemi gafara an yi addu'a, da wane baki za ta ce a koma? Ta ce, "Hanyar da ta cinye min guda, ita nib bari guda ya bi. Kullum in na rufe ido sai in ga kabari biyu."

Sai da ta natsu ta tambayi inda na zauna duk kwanakin nan. Na ce Anka. Ta saki hannuna. "Anka? Nan Anka? Kana Anka kak kashe waya?" Ta juya fuskarta bango. Wallahi shirun ɗaurin auren nan wasa ne a kan wannan. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, da gemuna.

Washegari da safe ta aiko a kira ni. Ta ce, "Shinkafata hwa? Ko ita ma ka cinye?" Na kawo ƙullin, ko kwance shi ban yi ba (abu ɗaya ke nan da na yi daidai a duk tafiyar). Ta riƙe shi a cinyarta. Sannan ta ce, "Baƙi sunka rufe min ɗa. Nan ma akwai baƙi, 'ya'yan wasu mata ne. Ka kai musu." Na ari babur, tunda nawa na sayar, na kai shinkafar Bukkuyum wurin 'yan Mali da 'yan Burkina masu aikin zinari. Na ce musu mahaifiyar Basiru ta gode. Ba su tambaye ni labarin Honduras ba, ko da yake na san ya riga ni isa. Suka dafa, muka ci tare, suka yi masa addu'a. Tun ranar Inna ba ta sake tambayar gabas ba, a gabana dai.

Gonar Basiru na samu na mayar, babur bai dawo ba. Fasfon yana nan fari tas. A makaranta, in na juya ƙwallon duniya na zo kan Amurka ta Tsakiya, ina jin ɗalibai suna danne dariya, a majalisa kuma sunana ya zama Alhajin Anka, kuma ina amsawa.

Yanzu in wani ya zo neman shawara kan doguwar tafiya (abin mamaki, har yau suna zuwa), nakan ce masa lissafin kwanaki da na kuɗi da na damina duk masu sauƙi ne, ni ma na iya su. Kafin ya sallami kowa ya fara tambaya ko za a bar shi ya shiga. Kafin wannan ma, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya tambayi wadda zai yi tafiyar dominta ko tana so ya tafi. Ni na haye teku da yatsa a gaban majalisa, amma ban taɓa taka tsakar gida na tambayi Inna ba.